Garin da Na Hana Kakata

Jikokina suna cewa ba ni da zama. In an shimfiɗa mini tabarma a zaure, kafin kunu ya huce na miƙe na leƙa waje, na dawo, na sake miƙewa kamar wanda ya zauna kan cinnaka. Uwarsu ta ce tsufa ne. Wani yaro a asibiti, da ko gemu bai ajiye ba, ya ce hawan jini ne. Oho dai, su yi ta faɗi. Ni na san inda zama ya ƙi ni. Bakin wutar kakata ne, a Aliero, ina yaro ban daɗe da gama famfara ba.

Lokacin Nasara ba su jima da cin ƙasar nan ba. Mu yara ba mu cika ganinsu ba, sai dai mu ji an ce sun sauka Jega, ko mu ga manya sun haɗa kai a gindin bango suna magana ƙasa-ƙasa, in ka matso su daka maka tsawa. Gidanmu ba mu da yawa. Akwai babana Umaru, mai lambun albasa a fadama, da yayata Kulu, da ni Garba, sai Kaka Hassi wadda ta haifi babana. Mahaifiyarmu ta rasu ina goye, saboda haka Kaka ce uwa, ita ce kuma abokiyar faɗa. Maigida take ce mini, irin wasan kaka da jika, ni kuwa in ce na sake ta tuntuni tunda ba ta da haƙora.

In sanyi ya shigo, da an idar da sallar lisha sai ta hura wutar kara a tsakar gida, ta jawo kwandon audugarta da mazari. Yaran maƙwabta su yi ta shigowa, kowa da ɗan ƙullin gyaɗa ko dankalin da zai tura cikin toka. Wutar kara ba ta da haƙuri, yanzu ta tashi yanzu ta kwanta, sai an yi ta ƙara mata. Ni ne ƙarami, ni aka bar wa wannan aiki. Gabanka ya gasu, bayanka yana rawar ɗari, hayaƙi ya bi ka duk inda ka koma, amma ko da sanda ba a korar ɗayanmu daga wurin.

Kaka ba ta ba da tatsuniya haka kawai. Sai an fara da kacici-kacici, wai a wasa wuƙa kafin a kawo nama. Ta murza mazari a cinya, ta sake shi yana juyi, ta ce:

"Amaryar Aliero, zane bisa zane, kowa ya kwance ta shi yi hawaye."

"Albasa!" Mu haɗa baki har kare ya yi haushi.

"Kai, 'yan banza. Wanga ko jinjiri ya sani. To ku tsaya."

Daga nan sai ta ɗauko masu ƙashi. In kun kasa, ba a faɗa muku don Allah da Annabi, sai kun ba da gari. Haka al'adar take. Ka ce na ba ki gari kaza, in ya yi mata ta karɓa, in bai yi mata ba ta ce a sake. Kaka kuwa ga tsada. Ka ce ka ba ta Birnin Malam, ta ce can ta kwana jiya. Ka ce ka ba ta Maiyama, ta ce danginta ne can, ba a yi wa mutum kyauta da abinsa. Sai an ce Jega, sannan ta ajiye mazari, ta lumshe ido, ta gyara zama kamar an ɗora ta kan doki.

"Na shiga Jega ranar kasuwa," in ji ta. "Na sha hura da nono, na ci tsire, na sai goro hwari. Ga maigida can baya shina ɗauke da takalmana."

Yara su fashe da dariya, sannan ta faɗi amsa. Ba ta taɓa cin gari ta hana amsa ba. Ta ce wanda ya ci gari bai biya ba ɓarawo ne. Wata rana ma ta ƙara da cewa, "Ni da nika cin gari kowane dare ina biya. Waɗanga mutane sun ci Sakkwato, sun ci Gwandu, mi sunka hwaɗa muna?" Babana ya leƙo daga ɗaki ya ce don Allah Inna a rage murya. Akwai kuma wata doka da ta fi riƙewa da ƙarfi: wanda ya ɗaura kacici-kacici shi ke kwancewa. Ko ka san amsar na wani, ka ja bakinka ka yi shiru, don ba kai za a ba garin ba.

Ni dai ba abin da na ƙi jini irin ba da gari. Wallahi ji nake kamar an tuɓe mini wando a kasuwa. Gara in kwana ina juyi, in tashi da asuba in same ta tana alwala in jefa mata amsa. Sau da yawa ina dacewa, shi ya ƙara mini girman kai.

Babana ba ya zama da mu. Yakan dawo daga fadama a gajiye, yana warin albasa da laka, ya ci tuwo ya kwanta. Amma wani dare sai ga shi ya jawo turmi ya kifa, ya zauna kusa da ni. Abin da ban sani ba, kuma shi da Kaka sun sani, shi ne umarni ya zo daga sama cewa kowace unguwa ta ba da maza masu ƙarfi su yi wa Nasara dako. Wai suna yaƙi da wasu Nasara 'yan'uwansu a can wata ƙasa mai nisa, suna neman kawunan da za su ɗauki kaya. An ƙirga da babana a ciki, kuma da asuba za a tashi.

Ya saurari namu har aka kusa shiga tatsuniya, sai ya ce, "Inna, ara mani wuri. Ina da guda, amma na Garba na shi kaɗai. Kowa shi yi shiru." Ya dafa kaina ya ce, "Ɗan gidanmu kullum tahiya, bai taɓa barin gida ba, ran da ya tsaya a kwan da yunwa."

Na ce dutsen niƙa. Ya ce a'a. Na ce taɓarya. Ya girgiza kai. Na ce muciya, na ce jakin malamin unguwarmu, na ce har Kaka, don ita ma kullum tana zirga-zirga ba ta zuwa ko'ina. Aka yi dariya, Kaka ta kai mini duka da kara.

"Ba ni gari," in ji babana.

"Ba ni badawa."

"Haba Garba. Ni ba ni da tsada kamar kakarka. Ko ƙauye ka ba ni na amsa."

"Gobe in hwaɗa maka."

Ya daɗe yana kallona. Na ɗauka mamakin taurin kaina yake. Ya buɗe baki kamar zai yi magana, ya dubi Kaka, Kaka ta dubi mazarinta. Sai ya ce, "To, Allah shi kai mu." Da na farka, tabarmarsa a naɗe take a jingine da bango, Kulu tana kuka a bakin murhu.

Da aka faɗa mini inda ya tafi ban yi kuka ba. Na je na sami Kaka na ce ta faɗa mini amsar, tunda ita ta haife shi, duk abin da ya sani a wurinta ya ji. Ta ce, "Ba ni na ɗaura ba, maigida. Jira mai shi." Na ji haushi, amma daga baya sai maganar ta zame mini abin riƙo. A hankalina na yaro lissafin a fili yake. Babana ya ɗaura, bai kwance ba, kuma ba mai kwancewa sai shi. Ke nan dole ya dawo. Muddin ban ba da gari ba, babana yana da sauran magana a Aliero, kuma mutum ba ya mutuwa ya bar magana a buɗe. Haka na yarda, har cikin raina.

Daga nan ranar kasuwar Jega ta zama tamu. Tun duhu bai washe ba Kaka ta tashe ni, ta ɗora tallan zare a kai, mu kama hanya. Zaren dalili ne kawai. 'Yan dakon da aka sallama sukan biyo ta Jega, ka gan su a gindin itace, sun rame, ƙafafu a kumbure, tsakiyar kai ba gashi saboda kaya. Su take nema. Amma babana ɗan fari ne, kuma Kaka ba ta faɗin sunan ɗan fari ko za a yanka ta. Shi ya sa take jan ni. Ta durƙusa gaban mutum ta gaishe shi, ta ce, "Ɗana, ko ka ga wani dogo, mutumin Aliero, mai tabon ƙaho a nan gefen ido?" Sai ta zungure ni da gwiwar hannu, ni kuma in ce, "Umaru." Wani ya ce bai sani ba. Wani ya ce Umaru ai sun fi a ƙirga. Wani ko ɗaga kai ba ya yi.

Ni kuwa idona yana kan komai. Na ga maƙeri yana zuga, na ce zuga-zugi ne, kullum yana tafiya bai bar maƙera ba. Na ga masaƙi yana jefa ƙoshiya, na ce ita ce. A lambu, ina taya ƙanen mahaifiyata ban ruwa, na ɗaga kai na ga jigo yana sunkuyawa rijiya yana tashi da guga, na yar da komai na sheƙa gida.

"Kaka, jigo na! Ko ba jigo ba?"

"Ajiye mashi," in ji ta. Ko gira ba ta ɗaga ba.

Na yi ta ajiyewa har suka yi mini yawa. Da dare in kwanta in jera su, in fitar da wannan in mai da wancan, in ji motsi a ƙofar gida in zabura. Akuya ce. Kullum akuya ce.

Sanyi ya wuce, damina ta wuce, wani sanyin ya sake zagayowa. Wata ranar kasuwa kurkunu ya kama ni a ƙafa, ban iya takawa ba, sai Kaka ta tafi da Kulu. Ba su dawo ba sai bayan magariba. Kulu ta wuce ɗaki ko kallona ba ta yi ba. Kaka ta yi salla, ta hura wuta da kanta, yaran maƙwabta suka fara shigowa ta ce yau kowa ya koma gidansu, kanta ke ciwo. Ba ta ɗauko auduga ba. Ta zauna da hannuwa a cinya, abin da ban taɓa gani ba, ta ce in matso. Kuma ba ta fara da kacici-kacici ba.

"Ga ta nan ta taso, a ba ta wuri."

"Ta zauna mu ji ta," na ce, ina ta kallon ƙofar ɗakin Kulu.

Ta ce an yi wani mai fito a bakin wani gulbi, tsoho, jirginsa ɗaya. Ba ya karɓar kuɗin wuri ko hatsi. In kana son ƙetarewa sai ya yi maka kacici-kacici. In ka sani ka shiga jirgi. In ba ka sani ba ka ba shi gari, ya faɗa maka, ka shiga jirgi. Ko ta yaya dai za ka ƙetare. Mata masu tallan nono suna zuwa su ba shi gari suna dariya, su wuce. Makafi su ba shi gari su wuce. Sai ga wani saurayi ya zo, mai kaifin kai, wanda ba a taɓa kayar da shi a magana ba. Ƙanwarsa ake wa biki a tsallake, shi ke ɗauke da zanen amarya. Tsoho ya yi masa nasa, saurayi ya kasa. Tsoho ya ce ba ni gari. Saurayi ya ce shi bai taɓa ba, ba kuma zai fara yau ba, a ba shi zuwa la'asar. La'asar ta yi, ana jin kiɗan biki daga tsallake, ya ce zuwa gobe. Tsoho ya ce, yaro, garin nan fa ba na ubanka ba ne, ba nawa ba ne, da baki za ka bayar, da safe yana nan inda yake. Saurayi ya ce shi dai a'a. Ya kafa bukka a bakin ruwa. Yana nan yana tunani, jirgi yana kai mutane yana kawowa, har gemu ya fito masa, har ya yi fari. Wata shekara aka yi fari mai tsanani, gulbi ya ƙafe, ya taka da ƙafa ya ƙetare, yana murna bai ba kowa gari ba. Ya isa da zanen amarya a hannu, ya tarar da wata tsohuwa tana tsince wake. Ya tambaye ta gidan biki. Ta dube shi ta ce, wane biki, Yaya?

"Nan na baro su," in ji Kaka, "wuta ta cinye sauran."

Ban yi dariya ba. Tatsuniyar ba ta yi mini daɗi ba, na san da ni take. Wutar ta kwanta, na miƙa hannu zan ƙara kara, ta riƙe mini hannu.

"Garba."

Ba ta ce maigida ba.

"Ba ni gari, in hwaɗa maka na babanka."

"Ba naki ba na," na ce. "Ke kinka ce a jira mai shi."

"Na ce."

"To?"

"Yanzu ya zama nawa."

Ba wanda ya taɓa faɗa mini mutuwa a fili kamar yadda waɗannan kalmomi suka faɗa mini. Na san dokar Kaka. Ba za ta taɓa kwance kacici-kacicin mai rai ba. Na ji kunnuwana suna ƙara, na ji sanyi ya shiga har ƙashina ga wuta a gabana. Tana ta magana a hankali, wai sun sami wani mutumin Maiyama da suka yi dako tare, wai zazzaɓi ne a hanya, wai shi da hannunsa ya sa shi a rami, ya kwatanta tabon ido daidai. Na fizge hannuna.

"Ƙarya shikai! Mai tabo guda na a duniya?"

"Ba ni gari, ɗan nan. Ko ƙauye na amsa."

"Ba ni badawa!"

Na ja ƙafata mai kurkunu na fita zaure, na zauna cikin duhu ina kallon hanya. A can na kwana. Ina jin kukan Kulu, ina jin Kaka tana ba ta haƙuri, ni kuwa ko ɗigon hawaye.

Aka yi sadaka, malamai suka yi addu'a, mutane suka zo gaisuwa suka watse. Kowa ya haƙura ban da ni. Kaka takan bari sai mun rage mu biyu a bakin wuta ta ce, "Maigida, har yanzu?" In ce har yanzu. Ta ce kai dai ka ɗauko kan kakanka, ta ci gaba da kaɗi. Ba ta taɓa tilasta mini ba.

Da na tasa, lambu ya gagare ni. Albasa tana son mai zama, ni kuwa in na sunkuya kan fangalin shuka sai in ji kamar ana wucewa da wani abu a hanya ban gani ba. Na bi masu jakuna, na shiga fatauci, gishiri, kanwa, busasshen kifi, duk abin da zai sa in bar gari. Kowane zango muka sauka, in an ci abinci an miƙe ƙafa, sai in jefa wa mutane kacici-kacicin babana. Wani Bafillace ya ce harshen saniya. Wani malami ya ce numfashi, ya kawo dalilai har na kusa yarda. Wata mai tuwo ta ce hannunta ne, in ban yarda ba ta tsaya in gani. Kowace amsa ta zauna daidai, kuma ba mai ce mini ita ce. A ƙasan raina kuma, kunya ta hana ni faɗi, ina duban fuskar duk wani dogo da na gani a kasuwa.

Kulu ta yi aure a Maiyama, da ƙarfin Kaka ya ƙare ta ɗauke ta zuwa can. Ni ma na yi aure, aka haifa mini ɗa namiji, na ce a sa masa Umaru. Ranar suna liman ya yi addu'a ya ce Allah ya raya yaro, Allah ya jiƙan mai sunan. Na ji bakina ya ce amin tare da na kowa. Na tsaya ina jin wannan amin ɗin, ashe ta daɗe a cikina ni ne ban bari ta fito ba. Ko naman suna ban tsaya ci ba, washegari na ɗaura wa jaki akumari na nufi Maiyama.

Na same ta da hantsi a kan tabarma, ta ƙanƙance, ido ya tafi, amma bakin yana nan.

"Wa ka nan? Maigida? Ka tuna da tsohuwar matarka da ka yi amarya?"

"Kaka, gari na kawo maki."

Ta juyo da fuska wajena. Sannan ta ce, "Da rana tsaka? Kana son mu ɓace? Jira dare."

Kai, ban taɓa ganin yini mai tsawon wannan ba. Na zagaya Maiyama har karnuka suka san ni. Da aka yi lisha Kulu ta hura 'yar wuta, ta kawo Kaka bakin wutar, ta kore 'ya'yanta. Na durƙusa, ni da gemuna, na maimaita kacici-kacicin kamar yadda babana ya faɗe shi. Na ce na kasa. Na ce, "Na ba ki Jega."

Na jira ta lumshe ido ta hau doki. Ba ta hau ba. Ta lalubo hannuna ta riƙe.

"Riƙe garinka, Garba. Ban san shi ba."

"Kamar yaya ba ki san shi ba?"

"Ban taɓa jin shi ba sai daren nan, tare da kai. Shi ya ƙago abinshi, ina ji a hanyar lambu. Na so in tambaye shi da asuba, ban iya ba. Mi za ni ce? Hwaɗa mani don ba ka dawowa?"

"Amma kin ce ya zama naki! Shekara da shekaru kina ce mani in ba ki gari!"

"Na ce."

"Da na ba ki fa?"

"Da na ɗauki guda cikin naka na ce shi na. Jigo, ko wani. Ka yarda, ka yi kuka, ka yi kwana." Ta numfasa. "Ɗana ya tahi, ga ɗan nashi zaune zaure shina kallon hanya. Da in ci gari in yi ƙarya, da in bar ka haka, wanne ya hi? Amma yanzu kai babba na, ni kuwa na kusa gamuwa da Ubangijina. Ba ni cin Jega da ƙarya."

Sai a lokacin na yi kukan babana. Na kifa kai a gwiwar tsohuwar nan na yi ta yi kamar yaron da aka yaye, tana shafa mini ƙeya tana cewa to, to, ya isa, kada matarka ta ji ta raina ni. Ba ta ga damina ta gaba ba.

Na daɗe ina jin haushin abin, ba zan ɓoye ba. Matar da ta ce mai cin gari bai biya ba ɓarawo ne, ita ce ta shirya yi mini sata don in samu barci. Sai da na binne mutane da yawa na gane. Ba amsa take son ba ni ba. So take in buɗe baki in ce na kasa, abin nan ya fi ƙarfina, don mai faɗin haka shi ake ɗauka a jirgi. Ni na ɗauka ba da gari faɗuwa ce. Na riƙe Jega gam, garin da ko rumfa ba ni da ita a cikinsa, na hana tsohuwa, na hana kaina. Da na zo bayarwa kuma ƙafa ta riga ta saba da hanya, har yau ba ta daina ba.

A sanyin da ya wuce, wutar lantarki ta ɗauke, jikokina suka taru a kaina wai in yi musu irin na da. Na yi musu na albasa, na yi musu na tsintsiya. Ban san abin da ya kai bakina ba, sai na ji na ce ɗan gidanmu kullum tafiya. Suka yi ta harbi, wannan ya ce agogo, wannan ya ce injin niƙa. Ƙaramarsu, Hassi, mai sunan Kaka, ta gaji tana hamma, ta ce, "Kaka, ni na ba ka Jega, faɗa mini in je in kwanta."

Na dube ta. Na ce na karɓa, na shiga Jega ranar kasuwa, na sha fura da nono. Na ce jigo ne.

Ta ce, "Mene ne jigo?" Na kwatanta mata. Ta ce, "Af, ashe," ta ɗora kai a cinyata, kafin in rufe baki ta yi barci. Ina so in tashi in leƙa waje, ba hali. Haka na zauna har aka kawo wuta.